Mota mai inji biyu: tarayyar kamfanoni cikin fasaharta da gaskiyar amfaninta ga muhalli

Mota mai inji biyu ita ce wadda ke tafiya da ƙarfi iri biyu cikin jiki guda: injin da ke ƙona man fetur, irin wanda kowa ya sani, da kuma injin lantarki da ke shan wuta daga wani babban batir. Turawa na kiranta haibirid, wato abin da aka samu daga haɗa iri biyu, kamar yadda ake samun alfadari daga jaki da goɗiya. Mafi yawan waɗannan motoci ba a jona su da wutar gida. Fetur kaɗai ake zuba musu, su kuma su cika batirinsu da kansu suna cikin tafiya. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin sau da yawa ana rikita ta da motar lantarki zalla, wadda ba ta da tankin mai sam.

Daga ina rangwamen man yake fitowa?

Injin fetur maɓarnaci ne tun asalinsa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga cikin ƙarfin da ke cikin man da aka zuba wa mota ta yau da kullum, kashi 12 zuwa 30 cikin 100 ne kaɗai ke kaiwa ga tura motar gaba. Sauran yana salwanta ne ya zama zafi, ya fita ta salansa da lagireto. Ɓarnar ta fi tsanani a cikin gari, inda direba ke tashi, ya taka birki, ya tsaya, inji na ta ruri alhali mota ba ta motsi.

Mota mai inji biyu tana toshe wannan ɓaraka ta hanyoyi uku. Idan ta tsaya, injin fetur yakan mutu da kansa, idan kuma za ta tashi a hankali injin lantarki ne ke janta. Hanya ta biyu ita ce ta birki, kuma ita ta fi ban sha'awa. Duk wanda ya taɓa hawan keke mai dinamo ya san cewa da zarar an jingina dinamon a jikin taya don kunna fitila, tuƙin yakan ƙara nauyi. Nauyin nan ƙarfin ƙafar mai keke ne ke komawa wuta. To, haka injin lantarkin motar yake yi: da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taɓa birki, sai injin ya juya ya zama janareta, ya riƙe motar, ya mayar da gudunta wuta ya zuba cikin batir. Abin da a wata motar zai ƙone a banza a bakin birki, a nan ajiya yake zama. Hanya ta uku kuwa, da yake akwai mataimaki, ba a bukatar injin fetur mai girma, ana kuma tsara shi bisa wata dabara da ake dangantawa da wani injiniya ɗan Ingila na ƙarni na 19, James Atkinson, wadda ke rage ƙarfin tashi amma ta ƙara tsimin mai. Injin Prius da aka fitar a 2015 ya kai ga mayar da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin fetur ya zama aiki.

Sai dai ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai wadda injin lantarkinta ƙarami ne ƙwarai, ba ya iya jan mota shi kaɗai, tallafi kawai yake yi, rangwamen manta kuma kaɗan ne. Akwai cikakkiya, irin ta Toyota, wadda wasu giyoyi masu kewaya juna ke raba aiki tsakanin injunan biyu a kowane lokaci. Akwai kuma mai babban batir da ake jonawa da wutar gida, wadda ke iya yin kilomita 40 zuwa 80 ko fiye kafin injin fetur ya tashi. Dillalai kan kira dukkansu da suna guda, amma a wajen lissafin muhalli nisan da ke tsakaninsu babba ne.

Taƙaitaccen tarihi

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1900 da 1901 Ferdinand Porsche, yana matashi a kamfanin Lohner na birnin Viyana, ya ƙera mota wadda injin fetur ke juya janareta, wutar kuma ta juya injunan da ke cikin ƙafafu. Ta yi nauyi, ta yi tsada, fetur kuma ya yi araha, sai aka manta da zancen. A farkon shekarun 1970 wani injiniya Ba'amurke, Victor Wouk, ya mayar da wata mota ƙirar Buick mai inji biyu, hukumar kare muhalli ta ƙasarsa ta gwada ta, amma ba a ci gaba da aikin ba.

A 1993 gwamnatin Amurka ta ƙulla wani shiri da manyan kamfanoninta uku, General Motors da Ford da Chrysler, don ƙera mota mai shan kashi ɗaya cikin uku na man da motocin lokacin ke sha. Ba a sa kamfanonin waje ciki ba. A wannan shekarar ce kamfanin Toyota ya kafa nasa rukunin injiniyoyi, wanda daga baya Takeshi Uchiyamada ya jagoranta. A watan Disamba na 1997, daidai lokacin da wakilan ƙasashen duniya ke zaune a birnin Kiyoto suna tsara yarjejeniyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, aka fara sayar da Prius a Japan. Bisa gwajin hukumomin ƙasar tana yin kilomita 28 da lita guda. Honda ya biyo baya da Insight a 1999, Prius kuma ta shiga kasuwannin Amurka da Turai a shekarar 2000. Kamfanonin Amurka uku, waɗanda suka riga kowa samun tallafin gwamnati, samfuri kawai suka nuna a lokacin.

Toyota ya cika mota miliyan ɗaya masu inji biyu a 2007, miliyan 10 a farkon 2017, miliyan 15 a farkon 2020.

Me ya sa abokan hamayya suke tarayya?

Mai sana'a ba ya son baza sirrinsa, ko maƙeri ne ko marini. A harkar motoci ma doka ta tanadi takardar mallakar fasaha, wadda ke hana kowa amfani da abin da wani ya ƙirƙiro har shekara 20 sai da izininsa. Amma a kan mota mai inji biyu an ga manyan abokan hamayya suna sayar wa juna sirri, suna haɗa injiniyoyinsu ƙarƙashin rufi guda. Dalilan ba na zumunci ba ne. Binciken yana cin kuɗi masu yawan gaske. Batir da injin lantarki ba sa araha sai an ƙera su da yawa. Dokokin hayaƙi na Kalifoniya da Japan da Turai suna ƙara tsanani. Sannan wanda ya riga kowa ya riga ya kewaye hanyar da takardun mallaka, ta yadda ko da wani ya gano abin da kansa, zai tarar da shinge a gabansa.

Yarjejeniya ta farko mai girma ita ce ta Toyota da Nissan, a watan Satumba na 2002. Shugaban Nissan na lokacin, Carlos Ghosn, bai ɓoye shakkarsa kan ribar irin waɗannan motoci ba, amma kamfanin na bukatar guda don cika sharuɗɗan Kalifoniya. Sai ya sayi kayan lantarkin Toyota ya haɗa da injinsa, aka fitar da Altima mai inji biyu a 2007. An sayar da ita a ƴan jihohin Amurka kaɗan masu bin dokar Kalifoniya, aka kuma daina yinta a 2011.

Labarin Ford daban ne, kuma an sha juya shi. Injiniyoyin Ford da kansu suka tsara nasu tsarin, amma da suka duba sai suka ga ya yi kama da na Toyota a wurare da dama. Don kauce wa shari'a, a watan Maris na 2004 kamfanonin biyu suka daidaita: Ford ya karɓi lasisin wasu takardun mallaka na Toyota, wajen guda 20, shi kuma ya buɗe wa Toyota wasu nasa. A wannan shekarar Ford Escape mai inji biyu ta fito. Jama'a da yawa sun ɗauka motar Toyota ce aka canza wa riga, abin da ya daɗe yana ɓata wa Ford rai. Gaskiyar ita ce giyarta daga kamfanin Aisin take zuwa, wanda ke cikin dangin Toyota, batirinta kuma daga Sanyo. Bayan shekara bakwai, a 2011, kamfanonin biyu sun sake zama don ƙera tsari guda na manyan motocin ɗaukar kaya, amma a 2013 suka raba gari, kowa ya kama gabansa.

Waɗanda aka bari a baya su ma sun haɗa kai. A watan Disamba na 2004 General Motors da DaimlerChrysler suka sanar da aiki tare, BMW ya shigo a 2005, suka buɗe cibiya guda a garin Troy na jihar Michigan. Nufinsu shi ne tsarin da zai dace da manyan motoci masu nauyi. Ya fito a cikin Chevrolet Tahoe, da BMW X6, da Mercedes ML 450. Ta fuskar aikin injiniya abin ya yi kyau, amma ya yi tsada, ya kuma faɗo daidai da rikicin tattalin arziki na 2008, lokacin da General Motors da Chrysler suka doshi karyewa. Zuwa 2009 tarayyar ta watse. Darasin da masu harkar suka ɗauka shi ne, haɗa kan manya uku bai isa ba idan masu saye ba su zo ba.

Akwai kuma tarayyar da kotu ta tilasta. Alex Severinsky, injiniya ne da ya yi ƙaura daga Tarayyar Sobiyet zuwa Amurka, ya samu takardar mallaka a 1994 kan wata hanyar haɗa ƙarfin injunan biyu. Ƙaramin kamfaninsa, Paice, ya kai Toyota ƙara a 2004, masu taimaka wa alƙali a jihar Texas suka ba shi gaskiya a 2005, aka ci gaba da ja-in-ja har 2010 sannan aka sasanta da biyan lasisi.

Daga nan sai dangin Toyota ya yi ta faɗaɗa. Mazda ya karɓi lasisi a 2010. Subaru da Suzuki suka biyo. A Turai, motocin Suzuki Swace da Across na 2020 da Mazda2 mai inji biyu ta 2022 motocin Toyota ne aka manna musu wata alama. A Indiya, Suzuki Grand Vitara da Toyota Hyryder na 2022 tagwaye ne. A ƙasar Sin, kamfanin GAC ya sa tsarin Toyota cikin wata babbar motarsa a 2021.

Babban mataki shi ne na ranar 3 ga Afrilu, 2019, lokacin da Toyota ya sanar cewa ya buɗe takardun mallaka kusan 24,000 da suka shafi injin lantarki da na'urorin sarrafa wuta, kowa na iya neman amfani da su ba tare da biyan kuɗin lasisi ba har ƙarshen 2030. Jaridu sun yaba, kuma akwai abin yabo. Amma don tuwon gobe ake wanke tukunya. Takardun batirin litiyom ba sa cikin kyautar. Wanda ya bukaci taimakon injiniyoyin Toyota zai biya. Wanda kuma ya ɗauki tsarin, mai yiwuwa ne a wurin Toyota da danginsa zai riƙa sayen kayan. Bugu da ƙari, a lokacin Sin da Turai sun fara karkata ga motar lantarki zalla, inda Toyota ba shi ne kan gaba ba. Yawaitar masu ƙera mota mai inji biyu yana nufin tsawaita kwanan kasuwar da ya fi kowa ƙarfi a cikinta. Tesla ma ya yi makamancin haka da nasa takardun tun 2014, shi ma don a bi hanyarsa.

Ko da gaske tana da amfani ga muhalli?

A fara da lissafi mai sauƙi. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Ba abin tace hayaƙi da ke hana wannan. Hanya ɗaya ita ce a ƙona mai kaɗan. Mu ɗauki mota guda mai iri biyu, Toyota Corolla ta 2020. Bisa gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, mai injin fetur kaɗai tana shan kimanin lita 7.1 a kilomita 100, mai inji biyu kuma lita 4.5. Wanda ke yin kilomita 15,000 a shekara zai tsimi lita 390, wato iskar kabon wajen kilo 900. Ɗan tasi da ke yin ninki huɗu na wannan tafiya, ribarsa ninki huɗu ce.

Abin lura shi ne inda ribar take. A cikin gari mai fetur na shan wajen lita 7.8, mai inji biyu 4.4. A kan doguwar hanya kuwa, 6.2 ne da 4.5. Ke nan motar ta cunkoso ce, ta tsaya-tashi. Shi ya sa ƴan tasi suka riga kowa gane ta: a 2005 Ford Escape ta shiga aikin tasi a San Francisco da New York, kuma a can ne aka tabbatar cewa batirin na iya jure dubban ɗaruruwan kilomita. Matafiyin da aikinsa doguwar kwalta ce ba tsayawa, zai ga rangwame, amma ba kamar yadda talla ta faɗa masa ba. Rage ruri a wurin tsayawa yana kuma rage hayaƙin da mai talla da ɗan sandan hanya da ɗan makaranta ke shaƙa a mararraba, kuma wannan riba ce ta lafiya da ba ta jiran shekaru.

Masu suka sun ce a duba ƙerawa, ba tuƙi kaɗai ba, kuma tambayarsu na kan hanya. Batirin yana bukatar ma'adanin nikel ko litiyom, injin lantarkin kuma yana bukatar wasu ma'adanai da ba kasafai ake samunsu a tare ba, irin su niyodimiyom, waɗanda mafi yawansu a Sin ake tace su, da gurɓata ruwa da ƙasa mai yawa. A 2006 wani kamfanin binciken kasuwa na Amurka, CNW, ya fitar da rahoton da ya ce idan aka haɗa komai, Hummer, wannan ƙatuwar mota mai kama da ta soja, ta fi Prius sauƙin ɓarna. Zancen ya zaga duniya, har yau ana maimaita shi. Da masana suka bincika, ciki har da Peter Gleick na cibiyar Pacific Institute a 2007, sai suka tarar rahoton ya ɗauka cewa Prius za ta mutu bayan kimanin kilomita 175,000, babbar Hummer kuwa za ta kai wajen 610,000, sannan aka raba kuɗin ƙerawa a kan haka. Da irin wannan awo, ko jaki ana iya cewa ya fi raƙumi ɗaukar kaya. An kuma ɗora wa Prius laifin ƙonewar daji a kewayen ma'adanin nikel na Sudbury a Kanada, alhali ɓarnar ta faru shekaru da dama kafin a san da motar.

Binciken da ya fi inganci yana haɗa ƙerawa, da haƙo mai da tace shi, da tuƙi, da zubarwa. Wanda cibiyar ICCT ta fitar a 2021 ya nuna cewa cikakkiyar mota mai inji biyu tana rage hayaƙin ɗumama duniya da kimanin kashi 20 cikin 100 idan aka gwada ta da takwararta ta fetur. Motar lantarki zalla kuwa tana ragewa da kashi 66 zuwa 69 a Turai, amma kashi 19 zuwa 34 kacal a Indiya, inda mafi yawan wutar daga gawayin kwal take. Ke nan amsar ita ce i, tana da amfani, amma gwargwado. Raguwa ce, ba warkewa ba: duk ƙarfin da ke motsa ta, har wutar batirin, daga fetur ya samo asali.

Wurare biyu ne aka fi yaudarar mai saye. Na farko, manyan motocin alfarma da aka sa wa injin lantarki don ƙarin gudu, ba don tsimi ba. A 2007 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wata tallar Lexus RX 400h da ke nuna wa mai saye cewa ba shi da sauran alhakin muhalli a kansa. Ƙatuwar mota mai inji biyu na iya shan mai fiye da ƙaramar mota ta fetur. Na biyu, mai jonawa da wutar gida. A takarda ita ce zakara, amma sai an riƙa jona ta kullum. Binciken ICCT da cibiyar Fraunhofer ta Jamus a 2020 ya gano cewa a zahiri tana shan mai ninki biyu zuwa huɗu na abin da aka rubuta, musamman motocin ma'aikatu, waɗanda ake biya wa direbobinsu kuɗin mai amma ba a biya musu kuɗin wuta ba. Hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta tabbatar da haka a 2024 daga na'urorin awo da ke cikin motocin kansu: hayaƙin ya ninka na gwaji sau uku da rabi. Wadda ba a jonawa, batir mai nauyi kawai take yawo da shi.

Toyota yana da nasa hujjar a wannan muhawara. Batirin Prius na shekarun 2004 zuwa 2009 bai wuce kimanin awon wuta 1.3 ba, na motar lantarki kuwa yakan kai 60 ko fiye. Kamfanin ya ce ma'adanin da za a yi motar lantarki guda mai dogon zango da shi zai isa motoci 90 masu inji biyu, kuma tarin rangwamen tis'in ɗin ya fi na guda ɗaya. Lissafin yana tsayawa ne idan ma'adanin ya yi ƙaranci. Masu adawa sun ce haƙo litiyom ya ƙaru, farashin batir ya faɗi ƙwarai, kuma duk motar da aka sayar yau za ta ci gaba da shan fetur shekara 15 ko 20.

Idan motar ta tsufa ta iso gare mu

A nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye, domin motar da aka ƙera don Tokiyo ko Baljiyam, a ƙasashe irin namu take ƙarasa kwanakinta. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufa. Ƙasar Mongoliya misali ce ta abin da ke iya faruwa: tsofaffin Prius daga Japan sun cika titunan babban birninta, makanikai sun ƙware a kansu, amma tarin matattun batura ya zama abin damuwa.

A ƙasar da wuta ba ta wadata ba, wadda ba a jonawa ita ta fi dacewa. A Nijar kimanin mutum ɗaya cikin biyar ke da wutar lantarki. Kafin watan Agusta na 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar daga Najeriya take zuwa, wadda ake samarwa a gida kuma mafi yawanta daga injunan dizal ne da gawayin Anu Araren. Cika batirin mota da wutar janaretan dizal ba wata riba ba ce ga muhalli. Ta fuskar aljihu kuwa, bisa farashin sefa 499 na litar fetur da aka tsayar a watan Yuli na 2024, lita 390 ɗin nan da muka lissafa sun kusa jika 195 a shekara. Kada dai a manta cewa a Maraɗi da Damagaram kabu-kabu da adaidaita su ke ɗaukar mafi yawan jama'a, kuma wannan fasaha ba ta taɓa su ba.

Babban maƙiyin batirin shi ne zafi. A yawancin waɗannan motoci iskar cikin mota ce ke sanyaya shi, ta wata kafa da ke gefen kujerar baya, da ƴar fanka a ciki. Ƙurar hunturu kan toshe kafar da fankar, fasinja kan rufe ta da kaya ko da babbar riga, ga kuma zafin bazara da ke haura maki 45. Saboda haka a riƙa share kafar, a ajiye motar a inuwa, kada kuma a bar ta watanni ba a tayar ba, domin batirin na lalacewa da zama. A Amurka Toyota ya daɗe yana ba da lamunin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batirin, daga motocin 2020 kuma ya ɗaga shi zuwa shekara 10 ko kilomita 240,000. Motar da ta iso kasuwarmu tana da shekara 12 ta riga ta wuce wannan lamuni, don haka kafin a biya kuɗi a sa wanda ke da na'urar bincike ya auna lafiyar kowane sashe na batirin. Wanda ya raunana yakan sa injin fetur ya riƙa tashi ba dalili, tsimin man ya ɓace.

Ga makanikai kuwa, gargaɗin na rai ne. Batirin Prius yana ɗauke da wuta fiye da bolt 200, na'urar sarrafawa kuma tana ɗaga ta zuwa 500 ko 650, gwargwadon shekarar motar. Duk wayar da ke da launin ruwan lemo mai ɗauke da wannan wuta ce. Ba a taɓa ta sai an cire makullin tsaro na batirin, an jira ƴan mintoci, an sa safar hannu ta roba da aka yi don wannan aiki. Haka kuma motar na iya zama shiru alhali a kunne take, injin ya tashi da kansa hannun yaron gareji na ciki. Shirun nata ne ma ya sa Tarayyar Turai ta wajabta tun 2021 cewa kowace sabuwa ta riƙa fitar da wata ƙara idan tana tafiya a hankali, saboda makafi da yara.

Mataccen batir kuma ba na fasawa da guduma ba ne. Na nikel yana ɗauke da ruwa mai cin fata da makantar da ido, na litiyom kuma yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Yammacin Afirka ta riga ta ga abin da sarrafa batura a tsakar gida ke jawowa: a unguwar Thiaroye-sur-Mer ta Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu sakamakon gubar darmar da ake cirowa daga baturan mota na yau da kullum. A Japan da Turai kamfanonin da suka ƙera motocin suna karɓar tsofaffin batura su narka su ciro nikel ɗin. Wanda nasa ya mutu a nan, ya ajiye shi a rufe, a busasshen wuri mai inuwa, nesa da yara da wurin girki, har ya samu dillalin kamfanin ko mai sayen da ke mayar da su masana'anta.